Ƙyallen Da Ya Faɗo Daga Bakin Almakashi



Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ana saura kwana uku salla ya san buhun nan da ake jinginewa a ƙarƙashin tebur. Guntun shadda ne a ciki, da bakin atamfa, da ɓarɓashin leshi, da abin da ma ba za a iya gane asalinsa ba. Wani a cusa shi a matashi, wani yara su kwasa su yi wa 'yar tsana kaya ko su ɗaure shi ya zama ƙwallo, wani a goge man keke da shi, sauran kuma bola ko wuta. Ba ma tuna shi sai ranar da mai ɗinki ta zo karɓar kayanta ta ce, "Malam, ina ragowar yadina?" Daga nan sai a ga fuskar tela ta canza.

Wannan tambaya ta ko na wa ne ragowar yadi, da kuma me za a yi da shi, tana da dogon tarihi a Amurka, inda mata suka shafe kusan shekara ɗari biyu suna haɗa ƙyallaye suna yin bargo da su. Tarihin ya bi ta masaƙa, ya bi ta gonar bayi, daga ƙarshe ya shiga gidan nunin kayan fasaha, har ya leƙa kotu.

Bari mu fara da bayyana abin da muke magana a kai. Bargon haɗi hawa uku ne: akwai fuska, wadda ake haɗawa da guntayen yadi, akwai ciko na auduga a tsakiya, akwai shafi a ƙasa. Sai a bi duka ukun da allura a ɗinke su tare don kada audugar ta dunƙule wuri guda. Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Lifidin da barade ke sa wa doki a hawan salla haka ake yinsa, yadi sama, yadi ƙasa, auduga a tsakiya, ɗinki ya riƙe. Bambancin kawai shi ne mu mun yi shi don kare kibiya da mashi, su kuma sanyi ne abokin gabarsu.

Akwai labarin da Amurkawa suka daɗe suna ba wa kansu, wai matan Turawan farko da suka sauka ƙasar talauci ne ya sa suke tattara kowane ƙyalle suna haɗa bargo. Labarin yana da daɗin ji, amma masu binciken tarihin sutura sun nuna ba haka abin yake ba. Bargunan ɗinki da suka rage daga ƙarni na 18 yawancinsu na gidajen masu hali ne, kuma da yawansu da babban yadi guda aka yi fuskarsu, ba haɗe-haɗe ba. Dalilin a fili yake in mun yi tunani. Matar da ta kaɗa zare da hannunta, aka saƙa shi da hannu, ba ta da ƙyallen da za ta tara. Yadin da aka sha wahalarsa haka ba a yi masa yankan ganganci. Ana yanka shi a miƙe, kusurwa huɗu, kowane ɓangare da inda zai shiga.

Mu ma shaida ne a kan wannan. Babbar rigar kakanninmu da ƙwaryar saƙi siririya ake haɗa ta, layi bayan layi, kusan ba abin da ke faɗuwa ƙasa. A Borno ma har kuɗi aka yi da irin wannan siririn saƙi, wanda suke kira gabaga. Wanda yadi ne kuɗinsa ba zai tara buhun ƙyalle a ƙarƙashin tebur ba. Sai yadi ya yi araha sannan ake samun ragowa, kuma sai an samu ragowa sannan ake tunanin me za a yi da ita.

Arahar ta zo wa Amurka ta hanyar da ba ta da daɗin faɗa. A 1793 Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga, abin da ya sa noman auduga ya bazu a jihohin kudu, buƙatar bayi kuma ta ninka. Daga shekarun 1820 manyan masaƙu suka tashi a garin Lowell na jihar Massachusetts da makamantansa, suna fitar da yadin auduga mai zane-zane a farashin da talaka zai iya saya. A 1851 Isaac Singer ya yi rajistar keken ɗinkinsa, shekarar da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano ya ga yadda kayan saƙi da rini na hannu ke fita har zuwa ƙasashe masu nisa. Daga tsakiyar ƙarnin ne bargon haɗi ya zama ruwan dare a gidajen Amurka. Wato ƙyallen da matar wani manomi ke adanawa a kwando a arewacin ƙasar, in aka bi salsalarsa, daga hannun bawa ya fito.

Da ƙyallen ya samu, sai mata suka maida shi fagen gwada gwaninta. A 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, wata mata mai suna Jane Stickle a jihar Vermont ta gama wani bargo, ta ɗinka adadin guntayen da ta haɗa a kusurwarsa: 5,602. Yana nan har yau a gidan tarihi na Bennington. A shekarun 1880 kuma aka shiga yayin wani salo na haɗa siliki da karan-miski ba tsari, kowane ƙyalle da siffarsa, a bi gaɓoɓin da surfani. Yayin ya yi ƙarfi har kamfanoni suka riƙa ƙulla guntayen siliki suna sayarwa ta gidan waya. A nan abin ya juye. Ƙyallen da ake ganin alamar tattali ne ya zama haja, matan masu kuɗi suna saye don su yi abin ado da ba a lulluɓa da shi, sai dai a shimfiɗa a falo baƙi su gani.

Su kuwa guntayen da suka yi ƙanƙanta, waɗanda ko allura ba za ta kama su da kyau ba, suna da hanyoyinsu. Sirara masu tsawo ana ɗora su a kan takardar jarida a ɗinke ɗaya bayan ɗaya har takardar ta rufe, sannan a datse gefen ya zama murabba'i. Wani lokaci takardar na maƙalewa a baya, shi ya sa masu bincike kan gano shekarar da aka yi aikin daga kwanan watan jaridar. Wasu ana kitsa su a yi darduma ta ƙasa. Wanda ya rage bayan wannan sai mai sayen tsumma ya zo ya auna ya biya. Kada mu manta, kafin a koma yin takarda da itace a rabi na biyu na ƙarni na 19, da tsumman auduga da lilin ake yin ta, kuma masana'antun takarda kullum cikin neman tsumma suke. Har yau takardar dalar Amurka auduga ce da lilin. A Ingila kuma, a garin Batley, Benjamin Law ya fara niƙa tsohon ulu a 1813 yana sake kaɗa shi ya koma yadi, daga baya aka haɗa har da guntayen da teloli ke zubarwa. Babu ƙyallen da ya yi ƙanƙantar da ba shi da mai saye. Ba don mutanen lokacin sun fi mu tsoron almubazzaranci ba, a'a, akwai kasuwar da ke jiransa ne.

Amma duk wannan labarin waɗanda ke da sabon yadin yankawa ne. Akwai waɗanda ba su da shi, kuma a wurinsu ne tarihin ya fi nauyi.

A jihar Alabama akwai wani lungu da kogin Alabama ya zagaye ta ɓangare uku, ana kiransa Gee's Bend. Sunan ya samo asali daga Joseph Gee, wanda ya kafa gonar auduga a wurin a 1816. A 1845 gonar ta koma hannun Mark Pettway, wanda ya taso da bayi kimanin 100 daga jihar North Carolina, akasarinsu a ƙafa. Bayan an 'yanta bayi, jikokinsu suka zauna a ƙasar suna noman haya, kuma har yau da yawa daga mutanen garin Pettway ne sunansu, sunan mutumin da ya mallaki kakanninsu. Gidajensu na katako ne, iska na shiga ta kowace kafa, sai su liƙe bangon da shafukan jarida da mujalla. Hotunan da Arthur Rothstein ya ɗauka a garin a 1937 sun nuna haka ƙarara. A irin wannan ɗaki, lokacin hunturu, bargo ɗaya ba ya isar mutum. Sai an jibga da yawa a gado guda, kuma gida mai yara goma yana buƙatar barguna masu yawan gaske. Uwa ce za ta samar da su, bayan ta wuni a gona.

Da me za ta yi? Ba ta da ragowar sabon yadi, domin ba ta saya ba balle ta yanka. Abin da take da shi shi ne wandon aikin miji da gwiwarsa ta huje, da rigar da yara uku suka gada a jere, da buhun gari ko na taki da aka wanke. Ana farke wandon, a cire aljihu, a miƙar da ƙafafun su zama dogayen layuka. Inda aljihun yake sai ya bar tabo mai duhu, domin nan ne rana ba ta ci ba, inda gwiwa take kuma ya koɗe ya yi fari. Cikon kuwa audugar da aka tsinto a gona bayan girbi ce, ko wadda aka share a wurin gurza, a bubbuge ta a fitar da ƙura. A cikin barguna da suka fi shahara akwai na Missouri Pettway, wadda ta haɗa shi a 1942 da kayan aikin mijinta Nathaniel bayan rasuwarsa. Mai kallo yana iya ganin jar ƙasar gona da ta kama yadin ta ƙi fita. Mu da muka saba raba kayan mamaci ga dangi da mabuƙata, za mu iya fahimtar matar da ta zaɓi ta farke su ta lulluɓa da su.

Talaucin wurin ba na wasa ba ne. A farkon shekarun 1930 farashin auduga ya faɗi warwas. Mutanen garin duk shekara suna cin bashi wurin wani ɗan kasuwa a Camden, babban garin da ke tsallaken kogi, su biya da kaka. Da ya mutu a 1932, magadansa suka aiko aka kwashe duk abin da za a iya ɗauka: alfadarai, shanu, kaji, garma, har abincin da aka adana. Da taimakon Ƙungiyar Red Cross suka fita wannan hunturu. A 1937 gwamnatin tarayya ta shigo da shirin sayen ƙasar, daga baya ta sayar wa mazauna wurin a kan bashi mai sauƙi, aka gina musu sababbin gidaje. Wannan ne ya sa suka zama masu ƙasar kansu, kuma shi ya riƙe su a wurin lokacin da baƙaƙen fata da dama ke ƙaura zuwa biranen arewa. Da sun watse, da salon ɗinkin nasu ya watse tare da su.

Mallakar ƙasa ta ba su ƙarfin hali. Da gwagwarmayar neman 'yancin zaɓe ta taso, mutanen Gee's Bend suka riƙa hawa jirgin fito suna tsallakawa Camden don yin rajista. A 1962 aka dakatar da jirgin. Tafiyar 'yan mintuna a ruwa ta koma ta kusan awa guda a mota, ga wanda ke da motar. Martin Luther King ya ziyarci garin a 1965, kuma da aka kashe shi a 1968, alfadaran Gee's Bend ne suka ja keken da ya ɗauki gawarsa a Atlanta. Waɗanda suka yi rajista a yankin da dama sun rasa aiki ko an kore su daga gonakin haya. Cikin wannan hali ne wani limamin coci, Francis Walter, ya ga barguna a shanye a kan igiya, ya fara saye yana kai wa New York ana gwanjonsu. Daga nan aka kafa ƙungiyar haɗin gwiwar mata mai suna Freedom Quilting Bee a 1966, a wani ƙauye da ke kusa, Estelle Witherspoon ce ta daɗe tana jagorantarta.

To, a nan ne ƙyalle na ainihi ya shigo labarin. Manyan kantunan birni da suka fara ba ƙungiyar aiki suna son kaya iri ɗaya, awo ɗaya, ɗinki a miƙe. Salon matan kuwa ba haka yake ba, kowace tana haɗawa yadda idonta ya ba ta, layi ya karkace ta bar shi, launi ya ƙare ta sa wani. Wasu daga cikinsu aikinsu bai samu karɓuwa ba saboda wannan. A 1972 ƙungiyar ta samu kwangila daga kamfanin Sears ta ɗinka rigunan matashi da wani yadi mai kauri mai layi-layi da ake kira kodiroi. Aiki ne na maimaici, yau da gobe abu ɗaya, amma ya kawo albashin da za a dogara da shi har tsawon shekaru. Kuma ya bar tarin ragowa. Mata suka riƙa kwasar guntayen suna kai wa gida, suna raba wa 'yan uwa da maƙwabta waɗanda ko ƙofar wurin aikin ba su taɓa takawa ba.

A karon farko ke nan da yawancinsu suka samu sabon yadi mai yawa a hannu, mai launi mai ƙarfi: ja, ruwan zinariya, ruwan lemo, kore, ruwan ƙasa. Yadin yana da taurin kai. Yana da kauri, yana zarewa in an yanka shi ƙanana, ba ya son a yanka shi a karkace. Dole aka bi shi yadda yake so, aka yi manyan layuka da murabba'ai. Abin da ya fito daga wannan tilas yana cikin mafi kyawun abin da garin ya taɓa yi. Rigunan matashin da kamfanin ya biya kuɗi aka ɗinka, waɗanda su ne aikin, ba wanda ke maganarsu yau. Sharar da ta faɗo daga teburin yankan ita ce ke rataye a gidajen nuni. A ganinmu wannan ya isa ya sa mutum ya yi hattara da kalmar shara.

Duniya ba ta lura ba sai a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da wani mai tara kayan fasaha, William Arnett, ya ga hoton wani bargo na Annie Mae Young a cikin littafi, ya bi sawu har ƙofar gidanta. Ya sayi ɗaruruwan barguna a garin, wasu daga ƙarƙashin katifa aka zaro su. A 2002 aka baje kolinsu a gidan nunin fasaha na Houston, daga nan aka wuce da su gidan Whitney a New York, masu sharhi suka riƙa kwatanta su da aikin manyan masu zanen zamani na Turai da Amurka. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan guda 10 a kan kan sarki.

Daga nan tambayar mai ɗinki ta dawo, amma da babbar murya. Abin da aka saya a hannun tsohuwa lokacin da take ganin tsumma ne, in ya zama dukiya, na wa ne? Zanen da aka kwafa aka buga a darduma da kofi da katin gaisuwa, wa ke da haƙƙinsa? A 2007 wasu daga cikin matan, ciki har da Annie Mae Young da Loretta Pettway, suka kai iyalan Arnett ƙara, suna cewa ba a ba su haƙƙinsu yadda ya kamata ba. An rufe shari'ar a 2008 ba tare da an kai ga yanke hukunci a kan zargin ba, kuma akwai matan garin da dama da suka tsaya a bayan Arnett, suna cewa ba don shi ba da ba wanda ya san da su. Ba mu da hurumin raba wannan gardama daga nan inda muke. Abin da ba a musu a kai shi ne gundumar Wilcox, inda garin yake, ta ci gaba da zama cikin mafi talauci a Amurka shekaru bayan sunan Gee's Bend ya zagaya duniya. Sai daga baya aka ƙara tsara yadda matan za su riƙa sayar da aikinsu kai tsaye ta intanet, da yadda za a riƙa biyansu in an yi amfani da zanensu.

Akwai kuma wani abin da shaharar ta canza wanda ba a cika faɗa ba. Matan da ke ɗinki a garin yanzu suna iya sayen yadin da suke so, amma wasu cikinsu har yau tsofaffin kaya suke nema, domin sabon yadi ba ya ba da wannan koɗewar ta gwiwa da tabon aljihu. Abin da iyayensu suka yi don ba su da zaɓi, su sai sun je kantin gwanjo sun biya kuɗi kafin su same shi.

Jirgin fiton da aka dakatar a 1962 bai dawo aiki ba sai a 2006, shekarar da aka buga kan sarkin. Shekara 44 ke nan mutanen garin suna zagaye. Cikin waɗanda ke hawansa yanzu akwai baƙi masu zuwa daga nesa don sayen bargo.